Daga Tashar Maradi Zuwa Ɗakin Haya a Ƙasar Wasu: Yadda Ake Shirya Tafiya Karatu Waje

Duk shekara, da sakamakon Bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, gidanmu a unguwar Zariya ba ya rabuwa da sallama. Bana ma haka aka yi. Bayan la'asar wani maƙwabcinmu ya shigo da ɗansa, yaron riƙe da baƙar leda cike da takardu, ya durƙusa ya gaishe ni. Uban ya ce, "Malam, ga ɗanka nan. Allah ya ba shi sa'a ya samu, har da yabo. Waje yake son fita, mu kuwa ba mu san ta inda ake kamawa ba." Na zazzage ledar bisa tabarma. Kafin shayin farko ya nuna na riga na ga abin da zai iya hana yaron tafiya: a takardar haihuwa an rubuta sunan uban Mahamane, a takardar Bak kuma Mahaman, harafi ɗaya ya faɗi.

Na yi shekara biyar ina karatu a Maroko, uku a Fas, biyu a Rabat. Cikin waɗanda na ga tafiyarsu ta lalace, ƙalilan ne karatun ya fi ƙarfinsu. Yawanci takarda ce ta kayar da su tun suna gida, ko kuma wata ukun farko a can suka zo masu da abin da ba wanda ya gaya masu. A kan waɗannan biyun zan fi tsayawa. Misalaina na Maroko ne don ita na sani, amma mai zuwa Aljeriya ko Turkiyya ko Masar zai samu abin ɗauka.

Fara da tambayar da ba a son yi

Kafin ka zaɓi ƙasa, ka tambayi kanka ko abin da za ka karanta babu shi a nan. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan cikin gari, har da sashen likitanci da na noma. Ga ta Abdu Mumuni a Yamai, ga ta Musulunci a Sayi. Idan fannin da kake so yana gida, kuma babu wanda zai ɗauki nauyinka a waje, ka yi digirin farko a nan, ka nemi fita a na biyu. Mai shekara 23 da digiri a hannu ya fi mai shekara 18 iya zaman ƙasar wasu, kuma guraben digiri na biyu ba su kai na farko cunkoso ba.

Idan kuwa fitar ce, to hanyoyin da ƴan Maradi suka fi bi sanannu ne. Akwai guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke ba gwamnatin Nijar, ita kuma ta raba ta hannun ANAB, hukumar tallafin karatu. Nan makinka na Bak ne ke magana, wanda ya samu 14 cikin 20 ba ɗaya yake da mai 10 ba, kuma ana duba shekaru. Akwai tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, wanda kai da kanka kake nema ta intanet wajen watan Janairu zuwa Fabrairu, kyauta. Mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21, kuma shekarar farko harshen Turkanci za ka koya. Ƴan makarantun Larabci suna da Azhar a Alƙahira da Jami'ar Musulunci ta Madina. Sai Najeriya, wadda take bakin ƙofa: ta Ɗan Isa da Jibiya ka shiga Katsina, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya, ga Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hausa za ta kai ka kasuwa da masallaci a can, amma a aji Ingilishi ne, don haka ka ware masa watanni tun kafin ka nemi gurbi. Faransa kuwa, tun da ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, hanyarta ta yi nisa da tsada. Kada ka jingina shekararka da ita kaɗai.

Takardu: nan ne aikin yake

Ka samu wuri mai haske, ka shimfiɗa takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da katin shaida, da takardar birbe ta ƙaramar sakandare, da ta Bak, da takardar maki, gefe da gefe. Ka ɗauki biro ka bi sunanka harafi-harafi, sa'an nan na mahaifi, na mahaifiya, ranar haihuwa, garin haihuwa. Mu nan mun saba da cewa Abdou da Abdoul-Aziz mutum ɗaya ne, Ousmane da Oussoumane duk Usmanu ne. Ma'aikacin da ke zaune bayan gilashi a Rabat ko Ankara bai san wannan ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Mutum biyu yake gani. Waɗanda ba a yi masu takarda lokacin haihuwa ba, sai daga baya alƙali ya yanke, su ƙara lura: wata takardar ta ce "wajen shekara kaza", wata ta ce 1 ga Janairu. Dole su daidaita.

In ka ga saɓani, takardar haihuwa ita ce uwa, sauran su ake gyarawa su bi ta. Idan ita ce ke da kuskuren, gidan shari'a za ka. Gyaran nan yana cin makonni, wani lokaci watanni, shi ya sa nake roƙon iyaye su yi wannan binciken tun yaro yana ajin ƙarshe, kafin ma a zauna jarrabawa. Zuwa da kai ya fi saƙo: kada ka ba wani kawu da ke Yamai takardarka ka koma fada kana jira. Ka bi ta da ƙafarka.

Bayan sunaye sun daidaita, ga yadda za ka jera aikin. Fasfo ne farko, don shi ya fi jinkiri, kuma kusan kowace takardar neman gurbi tana tambayar lambarsa. Idan kana da tsohon fasfo, ka duba ranar mutuwarsa. Wanda ya rage masa ƙasa da shekara ɗaya, a sabunta shi tun a gida, domin sabunta fasfo daga waje wahala ce mai zaman kanta. Daga nan allurar shawara, wadda ake ba ka katin nan mai ruwan ɗorawa. Ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, amma tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Sai kwafin takardun karatu: ka yi fotokofi mai tsabta, ka kai a buga masu hatimin shaida cewa daidai suke da na asali. Kada ka yi biyu ko uku. Ka yi goma na kowace. Jami'a za ta karɓa, ƴan sanda za su karɓa, gidan kwanan ɗalibai da banki da ofishin jakadanci duk za su karɓa, kuma babu mai maido maka. Hoton fasfo mai farin baya, ka wanke kamar 24. Idan ƙasar ba da Faransanci take aiki ba, sai an fassara takardun wurin tafintan da kotu ta amince da shi. Fassarar malamin Ingilishin unguwa ba ta karɓuwa ko da ta fi kyau.

Takardar shaidar rashin laifi, wadda muke ce wa kaziye, da ta likita, su ne na ƙarshe. Wata uku kawai ake karɓar su daga ranar da aka sa hannu. Na ga yaron da ya yi ɗoki ya ciro su tun Yuli, tafiya ba ta tashi ba sai Nuwamba, ya isa can da matattun takardu.

Idan komai ya kammala, ka ɗauki hoton kowace takarda, gaba da baya, ka tura wa kanka ta imel, ka tura wa wani yayanka mai riƙon amana. Na asalin kuma su shiga jakar roba mai zik, wadda ba za ta taɓa shiga babban akwati ba. A jikinka take tafiya.

Dillalai

Lokacin nan ne masu "ina da hanya" ke fitowa. Wani zai nuna maka takardar karɓa ta wata makaranta a Tunis ko Kasablanka ko Kipurus, da tambari mai ƙyalli, ya ce a ba da jikka ɗari biyar a riƙe maka wuri. Gurbin gwamnati ba a sayar da shi, neman na Turkiyya kuma ko dala ba a biya. Makarantar kuɗi kuwa, kai da kanka za ka rubuta mata, ka tambayi abu biyu: ko gwamnatin ƙasar ta amince da wannan digirin, ba da makarantar kawai ba, da kuma ko yana cikin waɗanda CAMES, hukumar da ke tantance digirori a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta sani. Akwai makarantun da ke da izinin buɗe ƙofa amma takardarsu ba ta shiga aikin gwamnati ko a ƙasarsu. Ka nemi lambar ɗan Nijar da ke karatu a cikinta yanzu, ka kira shi da bidiyo, ya nuna maka ajin. Na san gidan da aka sayar da gona a hanyar Madarunfa saboda irin wannan takarda, yaron ya dawo bayan shekara uku da takardar da ba a iya kwatanta ta da wani digiri. Har yau abin yana ci mani rai.

Zaman kuɗi da iyaye

Kafin a sayi tikiti, a zauna: kai, da Baba, da Inna, da duk wanda ya ce zai taimaka. A faɗi adadi, a faɗi wata. "Za mu dinga aiko maka" ba lissafi ba ne. Tallafin karatu yana zuwa, amma ba ya zuwa ranar da ka sauka, kuma yakan yi jinkiri a tsakiyar shekara. Mai gidan haya kuwa ba ya jinkiri. Don haka ka tafi da abin da zai riƙe ka wata uku cur ba tare da ka jira kowa ba: haya, da kuɗin jinginar ɗaki wanda yawanci na wata ɗaya ne, da abinci, da bargo, da kuɗin takardar zama.

Sefa ba ta canzuwa a kantunan canji na Maroko ko Turkiyya. Ka mayar da ita yuro tun a gida. Yuro ɗaya sefa 656 ne a farashin hukuma, ɗan canji zai ɗora nasa. Ka raba kuɗin gida uku: kaɗan a aljihu, wani cikin jakar takardu, wani a ɗinke cikin wando. Kamfanonin aika kuɗi Nita da Amana da Al Izza da muka saba da su ba ko'ina suke kaiwa ba, saboda haka ka tambayi ɗaliban can ta wace hanya gida ke aiko masu, ka kuma zauna da wanda zai dinga aikowa ka nuna masa yadda ake rubuta sunanka daidai da na fasfo.

Abu ɗaya da nake so iyaye su ji: ɗalibi ba ɗan ci-rani ba ne. Kada a fara kiransa a wata na huɗu ana cewa ƙanwarsa za ta yi aure, ya ga abin da zai yi.

Akwati

Yawancin jirage kilo 23 suke ba kowane akwati, ka duba tikitinka ka ga ko ɗaya ne ko biyu. Ka auna a sikelin masu hatsi kafin ka bar gari. Manyan riguna kala biyu sun isa, na Juma'a da na Salla. Sauran wurin na cefane ne: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, busasshen zogale, garin rogo, ƙuli-ƙuli. A daka, a shanya su bushe ƙarau, a ɗaure cikin leda biyu-biyu, daddawar kuma cikin gwangwani mai murfi, in ba haka ba duk tufafinka za su ɗauka. Kilishi ka ci shi a hanya. Ƙasashen Turai sun hana shiga da nama, wasu ƙasashen ma sukan karɓe. Turare da man shafawa da suka wuce mililita 100 ba sa shiga jakar hannu, batirin cajin waya kuma ba ya shiga babban akwati. Rigar sanyi mai kauri guda ɗaya, daga ƴan gwanjo, ka riƙe ta a hannu; sauran ka saya can.

A tasha ko a filin jirgi wani zai matso da ƙulli ya ce, "Don Allah ɗan'uwa, ka miƙa wa ƙanena." Ko ka san shi, sai an kwance a gabanka ka ga abin da ke ciki. Ƙwayoyi irin su taramol suna kai mutum kurkuku a Masar da Maroko da Saudiyya, kuma wanda aka samu abin a jakarsa shi ne mai shi. Maganinka na kanka, musamman masu sikila ko asma, ka haɗa shi da takardar likita.

Hanya

Daga Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, motocin Rimbo da STM da sauransu suna tashi tun kafin asuba, a bi Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, a shiga Yamai da yamma in hanya ta yi kyau. Kada ka hau mota ranar da jirginka zai tashi. Ka isa da kwana biyu a tsakani, domin faci ɗaya ko shingen bincike mai tsawo ya isa ya cinye maka tikiti. Filin jirgin Diori Hamani ka je awa uku kafin lokaci. Zuwa Kasablanka awa uku da rabi ne ko kusa da haka.

Tun kana Maradi ka riga ka sanar da ƙungiyar ɗaliban Nijar na garin da za ka, ranar saukarka da lambar jirgi. Ko'ina akwai su, kuma tarbar sababbi al'adarsu ce. Ka rubuta adireshin inda za ka kwana da lambar mai tarbarka a takarda, don ɗan sandan filin jirgi zai tambaya, wayarka kuma ba lalle ta samu layi ba. A filin jirgin Muhammad na Biyar akwai jirgin ƙasa a ƙasan ginin, shi ke kai ka cikin Kasablanka, daga can ka canza zuwa Rabat ko Fas. Ya fi tasi araha nesa ba kusa ba. Ka canza yuro kaɗan kawai a filin jirgi, ka sayi layin waya, ka kira Inna. Ba ta yi barci ba.

Kwana 90 na farko

Hatimin da aka buga maka a filin jirgi ba izinin zama ba ne. A Maroko kwana 90 gare ka ka kai takardun neman katin zama wurin ƴan sandan garin da kake. Kwana 90 kamar da yawa, amma takardun sarƙa ne, kowace tana riƙe da wata: ƴan sanda suna son shaidar rajistar jami'a, da shaidar wurin kwana, da shaidar abin da kake ci da shi, da hotuna, da kwafin fasfo har shafin hatimin shiga. Rajistar jami'a tana jiran takarda daga Rabat idan ta hannun AMCI, hukumar Maroko mai kula da ɗaliban gurbin gwamnati, ka zo. Shaidar wurin kwana kuma tana hannun mai gida.

Nan ne ni na sha wuya. Mun kama ɗaki mu uku a Fas, mai arha, kusa da makaranta, muka biya wata biyu. Da muka nemi takardar haya, mai gidan ya ce shi ba ya rubuta takarda. Muka yi ta zarya har kwana 70 suka wuce, dole muka bar masa kuɗin jingina muka tashi, muka kama wani ɗakin mai tsada cikin ruwan sama, muna jan akwatuna a kan duwatsun titi. Saboda haka tambayar farko ga mai gida, kafin ta kuɗi, ita ce: za ka ba ni yarjejeniyar haya mai hatimi da sunana a ciki? Idan ku huɗu ne, sunan kowa ya fito. Ranar da ka kai wa ƴan sanda takardu za a ba ka rasit. Shi ne shaidarka har katin ya fito, kuma shi ma yana da ranar mutuwa, ka dinga dubawa. A makon nan kuma ka je ofishin jakadancin Nijar ka yi katin ɗan ƙasa mazaunin waje. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, da na Yukren a Fabrairun 2022, ɗalibai sun fita da abin da ke jikinsu kawai, kuma wanda sunansa ke rubuce a wani ofishi shi ake fara nema.

Sai sanyi. Ka manta da hunturun Maradi, wanda rana na fitowa ya sake ka. A Fas da Meknas da Ujda, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin jiƙaƙƙe ne, yana cikin bango da katifa, ɗaki ya fi waje sanyi. Bargo biyu, safa, hula, da takalmin da ruwa ba ya shiga. Amma abin da ke kisa shi ne na'urar dafa ruwan wanka mai aiki da gas. Wani dare a Janairu abokin zamanmu, ɗan Tawa, ya shiga wanka ya rufe ƙofa da ƴar tagar saboda sanyi. Muna cin abinci muka ji ruwa na ta zuba babu motsi. Muka buga, shiru. Da muka ɓalle ƙofar yana kwance a ƙasa, ido a juye, mu ma kanmu ya fara sarawa nan take. Muka ja shi zuwa baranda, maƙwabciyarmu ta kira motar asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Iskar da na'urar ke fitarwa ba ta da wari ko launi. Idan ka shiga gidan haya, ka duba inda aka kafa ta: in tana cikin banɗaki babu bututun da ke fitar da hayaƙi waje, kada ka yi wanka taga a rufe, ko kuma ka dafa ruwa a tukunya ka juye a bokiti kamar gida. Gawayi ma kada ya kwana a ɗaki.

Game da lafiya akwai wani abu da ya shafe mu mu kaɗai. Maroko da Aljeriya sun rabu da zazzaɓin cizon sauro, likitocinsu ba su cika tunaninsa ba. Idan jikinka ya yi zafi a makonnin farko, ko bayan ka dawo daga hutun damina, ka faɗa da bakinka cewa daga Nijar kake, a gwada jini.

Aji, kasuwa, masallaci

Tsarin karatun irin namu ne: shekara uku digirin farko, biyu na biyu, kowace shekara zango biyu. Ƴan gurbin gwamnati sukan iso a makare, an riga an yi wata ɗaya ko fiye ana darasi. Ranar farko ka nemi ɗalibin da ke rubutu da kyau, ka ari littafinsa ka yi fotokofi, ka nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya wurin tsofaffin ɗalibai. Faɗuwa a shekarar farko tana iya tsayar da tallafi, kuma sabunta katin zama yana son shaidar cewa kana karatun.

Malami zai fara da Faransanci, bayani ya yi zafi ya zarce da Darija, Larabcin gari. Ka ɗaga hannu cikin ladabi ka roƙi a maimaita, amma ka koyi Darijar. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya yi rabin hanya. Da "la bas", da "bishhal" wato nawa, da "bizzaf" wato ya yi yawa, da "shwiya", za ka yi cefane a mako na biyu. Ka lura, masu kayan miya da riyal suke ƙirga, riyal 20 ne dirhami ɗaya, kamar yadda muke ƙirga da dala a nan. In an ce maka 100, dirhami 5 ake nufi. Dirhami ɗaya kuwa kusan sefa 60 ne. Ku haɗa tukunya ku uku ko huɗu, a yi jadawalin girki. Namijin da bai taɓa riƙe muciya ba ya shiga madafa wurin Inna ko yayarsa tun yanzu, ya koyi miya kala uku da tuwon garin alkama, wanda shi ke maye mana gurbin na gero.

Masallaci ba zai yi maka baƙunci ba: Malikiyya suke bi, kuma da Warshu suke karatu, irin wanda muka taso da shi. Agogonsu ɗaya da namu, sai a watan azumi da suke mayar da shi baya da awa ɗaya, ka gaya wa gida don kiran waya. Za ka haɗu da masu kirki waɗanda za su aiko maka da kuskus ranar Juma'a, za ka kuma haɗu da yaran da za su bi ka da kalmar "azzi" saboda launin fatarka. Yana da ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Kada ka tsaya faɗa a titi, kai ne baƙo kuma katin zamanka ne cikin haɗari; ka dawo cikin ƴan'uwa ka faɗi abin da ya same ka, kada ka haɗiye shi kai kaɗai.

Ke kuma ƙanwata, duk abin da na faɗa naki ne, da ƙari ɗaya: ki nemi gidan kwanan ɗalibai mata ko ɗakin yayyenki ƴan Nijar tun kafin ki tashi, ki haɗa su da Inna a waya su san juna. Fasfonki da kuɗinki su zauna a hannunki, kada ki ba kowa ajiya, ko wane ne shi.

Aikin amsa waya a kamfanonin Kasablanka da Rabat yana jan masu Faransanci, albashin kuma yana da daɗi ga ɗalibi. Na ga da yawa sun shiga don wata uku, shekara ta ƙare ba su taka aji ba. In dole ne, a dogon hutu.

Yawo a lokacin hutu

Ka yi yawo, ƙasar ta cancanci a gan ta. Jirgin ƙasa yana haɗa Fas, Meknas, Rabat, Kasablanka da Marrakesh, mai saurin nan Al Boraq kuma tun 2018 yana kai mutum daga Kasablanka zuwa Tanja cikin awa biyu da ƴan mintoci. Wanda ya sayi tikiti da wuri ya fi samun sauƙi. Inda dogo bai kai ba, motocin CTM da Supratours suna zuwa. Ka sauka wurin ɗaliban Nijar na garin, ka riƙa masu ɗan yaji, kai ma ka sauke su in sun zo. A Fas ka shiga tsohon gari ka ga masallacin Ƙarawiyyin, wanda wata mata, Fatima al-Fihriyya, ta gina a shekarar 859, da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, inda ba ka rasa jin Hausa a bakin masu ziyara. Idan dusar ƙanƙara kake son taɓawa, Ifran tana kusa.

Ko ina za ka, katin zama da na ɗalibi su kasance a aljihunka, musamman a arewa, wajen Tanja da Nador da Ujda, inda ake tare baƙaƙen fata ana neman masu shirin tsallakawa Turai. A Tanja, in gari ya yi haske, kana hango tsaunukan Sifen, kilomita 14 ne a inda tekun ya fi ƙunci. Za a samu wanda zai raɗa maka cewa dare ɗaya ne. Ruwan nan ya ci ƴaƴan mutane da yawa, kuma kai da takardarka ka shigo. Ka tashi daga wurin.

Kafin ka zo hutu gida, ka duba cewa katin zamanka ba zai mutu kana Maradi ba. Kowace shekara kuma, da an gama jarrabawa, ka karɓi takardar makinka mai hatimi ka ajiye, kada ka bari sai shekarar ƙarshe. Idan ka gama, takardar wucin gadi ake fara bayarwa, digirin na asali yakan ɗauki watanni. In ba za ka jira ba, ka bar wa wani amintacce wakilci a rubuce mai hatimi, ka kuma tabbata an maido maka da takardar Bak ɗinka ta asali idan jami'a ta riƙe ta lokacin rajista. Da su za ka nemi a kwatanta digirinka a Yamai.

Yaron maƙwabcin namu, gyaran harafin nan ya ci masa mako shida da tafiya Yamai sau biyu. Ya tashi a ƙarshen Oktoba, Ujda aka tura shi. Shekaranjiya ya turo mani hoton rasit ɗin ƴan sanda, da na tagar banɗakinsu a buɗe, ya ce in gaya wa Innarsa kukar ta kusa ƙarewa.